Yadda na haɗa maharbiyar da na sayo a Makuhari

Yen 14,000 na biya, aka miƙo mini wani farin kwali ɗan madaidaici. A jikinsa an manna hoto guda na abin da ake sa ran mutum ya ƙare da shi: wata maharbiya ta cikin wani anime (fim ɗin zane na Japan), sanye da doguwar alkyabba da iska ta kwashe gefe ɗaya, baka a hannun hagu, gashi ya zubo har gadon baya. A ciki kuwa ba komai sai ledoji ɗauke da fararen guntaye 34, da takarda ɗaya mai hoton guntayen a jere, kowanne da lambarsa. Ba a faɗi wanda ake fara haɗawa ba, ba a ambaci sunan fenti ko ɗaya ba, fuskar ma ko ido ba a zana mata ba. Wannan shi ne abin da Japanawa ke kira gareki, wato mutum-mutumin rezin (wata irin roba mai tauri) da ake sayarwa a warwatse, mai saye ya gyara, ya haɗa, ya yi fenti da kansa.

A Wonder Festival na saye shi, bajekolin da ake yi sau biyu a shekara, ɗaya da hunturu ɗaya lokacin zafi, a zauren Makuhari Messe da ke Chiba, gabas da Tokyo. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake wannan taro, kuma daga 1992 kamfanin Kaiyodo na Osaka ne ke riƙe da shi. Na watan Fabrairu na je. In ka sauka a tashar Kaihin-Makuhari ba sai ka tambayi hanya ba, bin jama'a kawai za ka yi. Manyan kamfanoni suna da rumfunansu masu fitilu da kiɗa, amma abin da ya kai ni shi ne ɓangaren ƙananan tebura, inda mutum ɗaya ko abokai biyu zuwa uku ke zaune a bayan abin da suka sassaƙa. Da yawansu suna da wani aikin da suke ci da shi, wannan na dare ne da ranakun hutu.

Dalilin da ya sa mutane ke sammako su yi layi cikin sanyi shi ne izinin kwana ɗaya. Taurarin anime mallakar kamfanoni ne, ba kowa ke da ikon sassaƙa su ya sayar ba. To, a wannan taro mai sassaƙa yakan nemi izini tun watanni kafin ranar, ta hannun masu shiryawa, ya aika hotunan aikinsa, masu haƙƙin su duba su amince ko su ƙi. In sun amince, ya biya kasonsu, a ba shi sitika daidai adadin kwafin da aka yarje masa, ya manna a kowane kwali. Izinin na wannan rana ne kaɗai, kuma a cikin zauren kaɗai. Ƙarfe biyar na yamma tana yi an rufe, ko da saura a hannunsa ba zai sayar maka a bakin ƙofa ba. Shi ya sa tebur mai farin jini kan kwashe kayansa kafin azahar.

Kafin ka iya gyara abin da ke cikin kwalin, sai ka san yadda aka yi shi. Mai sassaƙa yakan yi siffa ta asali guda, ko da hannu, ko kamar yadda ya yawaita yanzu a kwamfuta da manhajar ZBrush, sannan inji ya fitar da ita. Sai a raba ta gunduwa-gunduwa, a yi wa kowace mazubi na silikon mai ɓari biyu. Shi rezin ruwa ne iri biyu, in aka gauraya su daidai wa daida sai su ɗau zafi su daskare cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyom ya san abin da ke biyo baya: akwai layi a inda ɓari biyun suka haɗu, akwai tsini a inda aka zuba, akwai 'yan ramuka a inda iska ta maƙale. Duka ukun suna jikin kowane guntu, kuma kawar da su aikinka ne. Mazubin ma gajiya yake, bayan 'yan gomomin zubi ya fara yagewa, wanda shi ma yana cikin abin da ke sa kwafin ba su da yawa.

Wani abokin karatuna Bajapane, wanda ya daɗe cikin harkar, shi na fara nuna wa kayan. Bai kula alkyabbar ba, bai kula bakan ba. Guntun fuska ya ɗauka ya ɗaga shi saitin fitila, sai ga haske yana ɗan ratsa gefen kunne da tsinin hanci. Ya tambaye ni ko zan rufe fatar ko zan bar ta. Hanya biyu ce. Ta farko, ka fesa wa komai fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ya ɓoye duk wani ciko da tabo, sannan ka hau da fari, ka hau da launin fata. Ta biyu, wadda suke kira safuresu, ba ka rufe rezin ɗin ko kaɗan a wuraren fata. Wani ruwa mara launi kake fesawa don fenti ya kama, sannan ka riƙa ɗora launi garai-garai sama-sama, yadda haske zai shiga cikin rezin ya dawo. Fatar da aka yi haka tana da wani rai da ta farkon ba ta da shi. Na zaɓi ta biyu, kuma daga nan kusan duk abin da na yi a kan fuska da wuya da hannaye da gwiwoyi wannan zaɓin ne ya tsara shi, domin duk abin da ka yi wa rezin ɗin, ido zai gan shi har abada.

Ƙirga guntaye shi ne farko, don takardar ta ce in wani ya ɓace a sanar da mai sassaƙa cikin mako biyu. Sun cika. Sai wanki. Ana fesa wa mazubi wani maiƙo don kada rezin ya manne masa, kuma wannan maiƙon yana nan a jikin guntayen ko da hannu bai ji shi ba. Fenti ba ya zama a kansa, in ma ya zauna, ranar da ka ɗaye tef tare za su taso. Na jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na bi kowanne da tsohon buroshin haƙori da ɗan garin goge tukunya, har cikin lungunan gashi. A roba nake yi, ba a bakin famfo ba, don kan kibiya da yatsu ƙanana ne, rariya ba ta mayar da abin da ta haɗiye. Gwajin mai sauƙi ne: in ruwa ya kwanta shimfiɗe a jikin guntu, ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da saura.

Yanke tsinin zubi yana son haƙuri, saboda rezin ba ya lanƙwasa a bakin filaya, ɓallewa yake, kuma yakan tafi da naman da ba ka yi niyya ba. Nesa kaɗan da jiki ake yankewa, a bar ɗan saura, a fere shi da wuƙa a hankali. Wani tsinin kuma ba na zubi ba ne, ƙafar da za ta shiga rami ce, ko ma silin gashi, don haka hoton kwalin yana gabana kullum. Layin haɗuwar mazubi na kankare shi da bayan wuƙa, na bi da samfefa mai lamba 400, sannan 600, sannan 800, a wuraren da suka lanƙwasa kuma da irin mai soso a baya. Da ruwa nake gogawa, takunkumi a hanci, don ƙurar rezin laushi gare ta, ba abin shaƙa ba ce. Gashin maharbiyar ne ya fi cin rai. Guntu bakwai ne, kowane sili yana da layinsa hagu da dama. Guntayen da na yanke ban zubar ba, na tara su a murfin kwalba.

Ga amfaninsu. Da na ɗaga cinya da hannaye saitin fitila, sai ga ƙwayoyin iska, wasu a buɗe, wasu a ɓoye ƙarƙashin fata siririya, suna haske fiye da kewayensu. Na ɓoyen sun fi haɗari, don samfefa na iya buɗe su a ƙarshen aiki. Ramin iska bakinsa ƙarami ne, cikinsa faɗi, in ka shafa masa ciko a haka baki kawai zai rufe. Sai ka faɗaɗa shi da tsinin wuƙa ko mahuji na rabin milimita tukuna. Da a ce zan rufe da ruwan toka ne, kowane irin ciko ya wadatar, rawaya ko kore. Amma a fatar da za a bari a buɗe, dole cikon ya zama launin rezin ɗin. Ƙananan ramuka na cike su da wani farin gam mai kamawa nan take, Cyanon, wanda masu wannan aiki ke kwaɓawa da hodar jarirai. Manyan kuwa na fere guntayen nan da na tara, na soka su ciki da ɗigon gam, na yanke, na goge. Tunda daga zubi ɗaya suka fito, ko ni da na yi cikon sai na lalube shi da farce kafin in gane wurin. Gam irin wannan in ya kwana yakan fi rezin tauri, samfefa ta riƙa cin gefe tana barinsa tsaye, don haka da ya kama ake goge shi.

Bakan ya zo a ɗan karkace, abin da ba a rasa shi a sirirun guntaye. Ruwan zafi ne maganinsa, wanda bai kai ga tafasa ba, wajen digiri 80. Ka tsoma na ɗan lokaci, ya yi laushi, sau da yawa ma da kansa yake komawa siffar da aka zuba shi. Ka riƙe shi daidai, ka tsoma a ruwan sanyi, ya tsaya.

Gam ɗin da ake haɗa motocin roba da jiragen roba da shi ba ya aiki a nan, domin shi narkar da robar yake ta haɗe, rezin kuwa ba ya narke masa. Gam mai kamawa nan take shi kaɗai kuma ba zai riƙe hannun da aka miƙe da baka ba. Saboda haka kowace gaɓa sai an huda ta an sa mata waya a ciki. Wasu guntayen mai sassaƙa ya yi musu ɗan alamar inda za a huda. Inda babu, nakan huda gefe ɗaya, in sa gajeriyar waya mai tsini, in ɗiga mata fenti, in danna ɗaya gefen a kai, inda fentin ya taɓa nan ne ramin na biyu. A ƙugu da kafaɗu na sa wayar alminiyom, don tana lanƙwasa, in rami ya ɗan kauce za ta bi. A ƙafar da ke ɗauke da nauyin duka na sa tagulla mai kaurin milimita 2, doguwa, daga gindin da za ta tsaya a kai har ta wuce idon sawu, saboda rezin yakan saki a zafin Agusta, mutum-mutumin da ke tsaye da ƙafa ɗaya ya fara sunkuyawa a hankali. A wuyan hannu da wuya kuwa sai da na yi taka-tsantsan na daban. Ƙarfen da ya matso kusa da fata yana nunawa ta ciki, wata inuwa mai duhu, kuma ba fentin da zai rufe ta. Na gajarta wayoyin, na tsaya tsakiya sosai, na shafa musu farin fenti kafin su shiga. Gashin goshi shi kaɗai na yi wa ƙananan maganaɗisu maimakon waya, don in riƙa cirewa ina mayarwa lokacin zanen ido.

Da na haɗa komai ba gam, sai ga tazara tsakanin alkyabba da kafaɗa, wadda katin banki zai shiga. Na shafa man leɓe a kafaɗar, na sa ƙullin ifoksi, wani ciko da ake kwaɓawa ya taurare, a cikin alkyabbar, na danna su tare, da ya fara tauri na raba. Man ya hana shi manne wa kafaɗa, shi kuma ya ɗauki siffarta daidai. Wurin ba fata ba ne, launin cikon bai dame ni ba.

A wannan matakin ne na ɗauki hotonta tsaye fara fat na aika gida. Yayana ya kira. "Kai yanzu duk karatun da aka tura ka, 'yar tsana ka koma yi?" Na ce, "Yaya, wasu ƙwallo suke kallo in sun gaji." Ya yi dariya, sannan ya kawo maganar da na san za ta zo, ta ajiye siffar mai rai a ɗaki. Tsohuwar magana ce tsakanin malamai, na saurare shi har ya gama, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan da ita za su fara. Akwai masu wannan sana'a da ba sa taɓa komai sai jirage da motoci da mutum-mutumin inji, kuma duk abin da na faɗa game da wanki da huda da fenti haka yake a can.

Wurin fenti a ɗakin haya na Japan matsala ce mai zaman kanta. Bango siriri ne, maƙwabta suna jin kwamfaresa, ga warin tina. Na sayi akwatin feshi mai fanka da bututun da ke fita ta taga, da takunkumi mai matatar tururin sinadari, ba na takarda ba, kuma ƙarfe tara na dare na yi nake kashe inji. Sauran kayan daga shagon yen 100, wato shagon kayan araha, suka fito: tsinken tsire da 'yan maƙalai a kai don riƙe guntaye, cokulan roba farare don gwada launi, da kwalin nan mai ramuka da ake saya wa kyanwa ta wasa farce, wanda kusan kowa a harkar yake soka tsinkayensa a ciki.

Fenti iri uku ne, kuma jerinsu shi ne sirrin aikin. Lakka, irin su Mr. Color da Gaia Notes, ya fi ƙarfi, yana bushewa da wuri. Akirilik na ruwa yana tsakiya. Inamel, irin na Tamiya, yana jinkirin bushewa, kuma tinarsa ba ta narkar da lakkan da ya riga ya bushe. Ma'ana, in ƙasa lakka ne, kana iya zane da inamel a kai, ka goge, ka sake, ƙasan bai san ana yi ba. In ka juya jerin, ka kwarara lakka a kan inamel, sai ya cinye shi.

Na sake wanke komai don maiƙon hannu, na rufe fararen idanu da ruwan roba mai ɗayewa, na fesa wa guntayen fata abin kama fenti mara launi, siriri. Gaia Notes suna da launi biyu da aka yi musamman don wannan hanya, ɗaya ruwan hoda ɗaya mai ratsin ruwan lemo. Na tsinka su da tina sosai, na rage iska, da alƙalamin feshi mai bakin milimita 0.3. Inuwa ake fara bi: ƙarƙashin haɓa, tsakanin yatsu, gwiwar hannu, bayan gwiwa, cikin kunne. Feshin farko kamar ba ka yi komai ba, na biyu ma haka, kuma a nan ne mutum ke ƙosawa ya danna da ƙarfi. Launi garai-garai gaba kawai yake tafiya, kowane hawa yana ƙara duhu, babu hanyar dawowa da haske sai dai ka tsoma guntun a tina ka wanke shi tas ka koma farko. Rezin yana jure wannan wanka, abin da robar yau da kullum ba za ta jure ba, amma ba wanda ke son sa. Don haka bayan kowane hawa nakan jera fuska da hannaye da ƙafafu wuri ɗaya a kan farar takarda in duba, kada hannun dama ya fi na hagu nuna. Ƙura kuma abokiyar gaba ce, sili ɗaya in ya faɗa ka fesa a kansa, ya zauna kenan. Hantsaki yana kusa, ina gani ina cirewa. Na tsaya tun ina ganin kamar da ɗan saura, don abokina ya gargaɗe ni cewa fatar takan ƙara duhu a ido in tufafi masu launi suka kewaye ta. Da maharbiyar baƙa ce irina, da wataƙila ban sha wannan wahala ba, don launi mai duhu yana da wuyar daidaitawa ta hanyar tarawa, da yawa sukan koma fenti mai rufewa.

Sai ido. Wasu masu sassaƙa suna sa sitikar ido a kwali, a jiƙa a manna. Nawa babu, kuma ko da akwai, ina ganin wanda ya kai nan ya manna sitika ya bar wurin da daɗin yake. Na ɓare robar da ta rufe fararen idanun, na fesa wa fuskar duka lakka mai sheƙi mara launi, hawa da yawa, har ta yi santsi. A kan wannan santsin ne inamel ke gogewa tsaf. Da siririn burushi da inamel ruwan ƙasa da aka tsinka na fara zana iyaka: layin fatar ido na sama, da'irar ƙwayar ido, gira. Ba a zana layi siriri kai tsaye. Mai kauri ake ja, sannan a ɗauki wani burushi mai ɗan danshin tina a riƙa cin gefensa har ya sirance. Rabin zanen ido gogewa ne.

Abin da ya fi wuya shi ne inda take kallo. Mai harbi tana bin kibiyarta da ido, don haka ƙwayoyin ba a tsakiya suke ba, sun karkata hagu, kuma ido biyun ba kwafin juna ba ne. Ƙwaya ɗaya ta matso kusa da hanci, ɗayar ta matsa wajen kunne, in tazarar ta kauce da kaurin gashi sai ta koma mai harara garke. Idon mutum kuma yana sabawa da abin da ya daɗe yana kallo, ya daina ganin karkata. Dabarar ita ce ka ɗauki hoto da waya ka juya shi hagu zuwa dama, nan take abin da ya kauce zai fito. Nakan kuma mayar da gashin goshi in ɗora kan a jiki in duba daga nesa, domin girar da ta yi kyau a fuska tsirara tana iya ɓacewa ƙarƙashin gashi, ko ta sauya fushin fuskar gaba ɗaya.

In mataki ya yi daidai, sai a kulle shi da lakka mara launi. A nan jerin fentin da na faɗa yake neman juyewa, don lakka ne zai hau inamel. Daga nesa ake fara fesawa, ƙura-ƙura, ya sauka kusan a bushe, a bari ya kama, a maimaita, sannan a yi mai jiƙa. Bayan haka abin da ke ƙasa ya tsira, kana iya zana na gaba ka goge ba fargaba. Haka na bi su hawa-hawa: baƙin layin gashin ido, wanda ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu, don baƙi tsantsa yana kashe fuska, koren ƙwayar ido, duhu a rabin sama inda fatar ido ke yin inuwa, ɗan tsakiya, wani haske mai siffar jinjirin wata a ƙasa. Ɗigon fari shi ne na ƙarshe, kuma gefe ɗaya yake zama a ido biyun, tunda daga wuri ɗaya haske ke zuwa. Kafin ɗigon nan fuskar zane ce kawai. Da na sa shi, ta fara kallon wani abu.

Tufafi ba su da wannan fitina. Fentin shimfiɗa mai ruwan toka, Mr. Surfacer 1000, ya fito da 'yan ƙarce-ƙarcen da suka rage, na goge na sake. Alkyabbar shuɗi mai duhu na fara yi mata, na bi tudun kowane ninki da mai haske. Zaren zinaren bakinta ya ci tef da yawa, ana yanka shi siri-siri ana bin lanƙwasa, aikin awa da awanni don feshin da bai kai minti biyu ba. Gashin ma haka, duhu a tushe da ƙarshen sili, haske a inda kai ya zagaye.

Ina cikin tufafin ne damina ta shigo, wadda a yankin Tokyo takan kama daga Yuni zuwa Yuli. Wata safiya na gwada feshi a bayan cokali, shuɗin ya bushe da wani farin hazo a kansa. Tina tana tashi da sauri, tana sanyaya wurin, raɓar da ke cikin iska ta sauka a kan fentin tun bai bushe ba. Daga ranar na rataye ma'aunin danshi kusa da taga, in ya haura 70 cikin ɗari ba na taɓa rufin ƙarshe, wato feshi mara launi da ake rufe fenti da shi, in kuma dole ne sai in yi da tina mai jinkirin tashi. Masu harkar da yawa suna busar da guntaye a na'urar busar da kwanuka ta Yamazen, har ta yi suna a tsakaninsu fiye da yadda ta yi a kicin. Sirirun guntaye dai ban sa su ciki ba, tunda zafin da ya miƙar da baka yana iya karkatar da shi. Wanda zai gwada wannan a Kano ko Zinder, ƙurar hunturu ce za ta zame masa abin faɗa, ga kuma wahalar samun fentin, don lakka da tina suna kama wuta, ba a cika yarda a aiko su ta jirgin sama ba. Akirilik na ruwa irin Vallejo ya fi sauƙin tafiya.

A intanet za ka ga irin wannan kaya da rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Yawancinsu satar zubi ne: wani ya sayi na asali guda, ya yi mazubi daga jikinsa, yana zubawa yana sayarwa, mai sassaƙa bai ga ko yen ɗaya ba. Kwafin kwafi yakan ɗan ƙanƙance, tsinin gashi ya dakushe, kuma ba a maraba da shi a wuraren nunin aiki. Wanda ya taɓa ganin mutumin da ya yi abin zaune a bayan teburinsa yana miƙa kwali da hannu biyu, zai yi masa wuya ya sayi na sata. Mai son na halal ba tare da ya je Chiba ba yana iya duba BOOTH, inda masu sassaƙa ke sayar da siffofin da suka ƙirƙira da kansu, waɗanda ba sa bukatar izinin kowa.

Rufin ƙarshe mara sheƙi ne, a kan fata da tufafi da gashi. Yana ɗan sa fenti ya yi kaushi, don haka bayansa ne na kankare allin zane mai ruwan hoda na shafa garin a kumatu da busasshen burushi, na sake rufewa sama-sama. Idanu da zinare da kan kibiya na mayar musu da sheƙinsu da burushi. Wajen haɗawa na kankare fenti daga fuskokin da za su manne, don gam ya kama rezin ba fenti ba. Kusa da fuska da alkyabba gam ɗin ifoksi mai ruwa biyu na yi amfani da shi, saboda mai kamawa nan take yana fitar da tururi da ke barin farin tabo a kan launi mai duhu. Tsirkiyar bakan zaren kamun kifi ce mafi siriri da na samu.

Alkyabba da baka da kai ban sa musu gam ba, waya ce ke riƙe da su, don ranar da zan tattara kaya in bar ƙasar su kwanta daban a cikin auduga. Rezin yana yin rawaya in rana ta daɗe tana dukansa, kuma a fatar da ba a rufe ba nan zai fara nunawa, shi ya sa rufin da na zaɓa mai tare hasken rana ne, akwatin gilashin da na ajiye ta a ciki kuma yana bangon da taga ba ta kallo. Ƙarƙashin gindinta da ƙarƙashin akwatin na manna irin robar nan mai danƙo da ake sayarwa a shagon yen 100 saboda girgizar ƙasa, wadda a nan ake sa wa talabijin da tukwanen fure.